Injin da Na Haɗa da Murfin Samira

Ban san muryar mahaifina ba sai da na fara gemu. Ya tafi kudu da shanun wani mutum ina cikin zanin goyo, zazzaɓi ya kama shi a can, aka binne shi a can. Abin da ya riga labarin rasuwarsa isowa gidanmu a Toranke shi ne kaset guda, wanda ya ba wani direban motar shanu ya kawo. A lokacin haka ake yi. Wanda bai iya rubutu ba sai ya sayi kaset, ya zauna gaban rikoda, ya yi sallama kamar yana ƙofar gida, ya faɗi abin da ke bakinsa, a kai wa mutanensa su ji.

Kowa a gidan ya ji kaset ɗin nan ban da ni. Kafin in yi wayo rikodar gidan ta cinye shi. Baffa, ƙanin mahaifina, wanda ya auri Inna bayan ta fita takaba kamar yadda ake yi a danginmu, shi ya zaro zaren da tsinken tsintsiya ya naɗe shi da biro. An taɓa kai shi Gaya wurin mai gyara, yana sa shi a tasa rikodar ita ma ta fara tauna, a daidai wurin da ta farko ta tauna. Daga nan Inna ta ƙunshe shi a tsumma, ta sa a ƙasan adaka, ta rufe maganar.

Ni kuwa abu biyu nake so. Ina so in ji yadda muryarsa take, ina kuma so in san ko ya faɗi wani abu a kaina. Inna ba wurin tambaya ba ce. Ni ne ɗan fari, ba ta kiran sunana, in ma akwai wani a kusa ta bakinsa take yi mini magana. Baffa na tambaya, ya ce ai gaisuwa ce kawai. Na ce gaisuwa ga wa? Ya ce ga mutane. Haka Baffa yake, in ka tambaye shi hanyar kasuwa sai ya ce maka tana nan inda take.

Da na girma sai sana'ata ta zama ta kaset, ba don na zaɓa ba, sai don ita na samu. Na koma Gaya, na haɗa sifiku biyu da amfilifaya da ƙaramin janareta, ina zuwa gidajen biki ina sa wa mata kiɗa. Dije ake ce mana. Ina da rikoda mai kyau, na aika wa Inna ta bakin Baffa cewa ta ba ni kaset ɗin in gwada a tawa. Amsar da ta dawo ita ce, rikoda duk uwarsu ɗaya.

Wata Asabar da yamma a gidan kallo, an tashi daga ƙwallo, mai gidan ya sa wani faifan bidiyo kafin mutane su watse. A ciki na ga wani dije na ƙasar waje, ya ɗora hannu a kan baƙin faifai yana murza shi gaba da baya, waƙar tana yin ƙiƙi-ƙiƙi, tana sarƙewa tana komawa, jama'a kuma suna tsalle kamar an raba musu gado. Na tsaya na kalla har aka kashe janareta. A hanyar gida na yanke shawarar ni ma sai na yi wannan abu a Gaya. Matsalar ita ce ba ni da irin faifansa, ba ni da injinsa, ban kuma san wanda ya taɓa ganinsu da ido ba. Abin da nake da shi kaset ne, buhu guda, don a lokacin memori, ɗan katin nan da ake zuba waƙoƙi a ciki, ya fara shigowa, kaset ya fara zama kaya.

Maƙwabcin shagona mai gyaran rediyo ne, dattijo, yana da tulin matattun rikodu a bayan shago. Na roƙe shi guda ɗaya, ya ce in kwashe duka, kunamu ne ke haihuwa a ciki.

Gwajin farko shirme ne, amma na yi shi da zuciya ɗaya. Na zaro zaren kaset na yanka shi gunduwa-gunduwa, na liƙa a jere a kan katako da gam. Na ciro ɗan ƙarfen nan da ke karanta zaren, wanda masu gyara ke kira hed, na ƙara masa doguwar waya zuwa amfilifaya, na riƙa goga shi a kan katakon. Ya yi ƙara, ba zan yi masa ƙarya ba. Sai dai tsawon katakon bai wuce kalma ɗaya da rabi ba, mawaƙin yana buɗe baki katako ya ƙare. Da rana ta yi zafi kuma gam ya saki, zaren ya nannaɗe ya faɗo.

Sai na sake dabara. Na ɗauki gawar wata rikodar mota na fasa ta. Na cire ɗan injin da ke juya kaset, na cire 'yar tayar robar da ke danne zare, wadda na lura ita ce ke fara ci in rikoda ta tashi mugunta. Na bar hed da haƙoran nan biyu da ke shiga ramukan kaset. Na samo cibiyar tayar keke ta gaba, na kafa ta a kan katako a gefe, na ɗaure murfin tsohuwar samira a samanta ya zama faifaina. Tsakanin cibiyar da haƙorin kaset na ja robar da na yanko daga tsohon tib na taya. In na murza murfin, kaset ya juya.

Gaba lafiya lau. Baya ne bala'i. Ina mayar da murfin sai zaren ya kwance ya fito waje yana zuba a kan tebur. Mai gyaran rediyo ya leƙo ya gani, ya tambaye ni ko taliyar ta sayarwa ce. Daga ranar sunan abin ya zama injin taliya, har yau ban yafe masa ba. Na ɓata kaset-kaset na waƙoƙin biki masu yawa kafin in gane cewa sai na haɗa haƙoran biyu da wata robar, wadda ba ta yi tauri ba ba ta kuma yi sako-sako ba, yadda in ɗaya ya saki ɗayan zai ɗauka. Ranar da na dace, na murza gaba na murza baya, mawaƙiya ta faɗi kalma ta haɗiye ta, ta sake faɗa ta sake haɗiyewa. Na yi ta yi har kafaɗata ta riƙe. Na ji daɗi ƙwarai, irin daɗin da ba ka da wanda za ka gaya wa ya gane.

A wani wunin biki a Gafasa na fara fitar da shi. Na kafa kaya a ƙarƙashin dalbejiya bayan la'asar, na rufe injin da ɗankwali don kada a gani tun da wuri. Na bari sai da rawa ta yi zafi, mata sun cika fili, sannan na yaye ɗankwalin na ɗora hannu a murfin samira na fara.

Rawa ta tsaya cak. Wata ta ce Allah ya sawwaƙe. Wata tsohuwa ta aiko mini da biro. Gwaggon amarya ta taso da kanta ta ce kada in damu, yana faruwa ga kowa, in ina so a aro rikodar maƙwabta kafin in gyara. Na yi mata bayani cewa ba cin kaset ba ne, da gangan nake yi, a ƙasashen waje ma har biyan mutum ake yi ya yi haka. Ta daɗe tana kallona, sannan ta tambaya ko an kawo mini abinci. Na haƙura na mayar da waƙa, da aka ɗan jima na sake gwadawa, sai wani mutum da ke wucewa da keke ya tsaya, ya zo ya ɗaka wa amfilifayata duka da tafin hannu, ya ce haka ake yi mata in ta sarƙe. Raina ya ɓaci sosai. Mutanen da suka yi shekaru suna jin wannan ƙara a matsayin asara ba za ka koya musu taka rawa da ita a wuni ɗaya ba, amma a ranar ban yi musu wannan uzurin ba. Na ɗaure kayana a babur ina huci.

Labari ya riga ni zuwa Toranke. Da na je gida lokacin cirar gyaɗa, muna zaune a tsakar gida ni da Baffa, Inna tana bakin murhu ta ba mu baya, sai ta ce wa Baffa wai an ce wani ya haɗa abin da ke juya kaset da hannu. Na ce wa Baffa haka ne, amma ba don sauraro aka yi shi ba, don wasa ne. Ta tambayi Baffa ko yana ci. Na ce wa Baffa babu abin da zai ci da shi, na cire.

"Hannu in ya ji tauri zai tsaya," in ji ta. "Rikoda ba ta tsayawa."

Baffa dai yana ta juya kai tsakaninmu kamar shi ne wayar.

Na gane ta yarda a gwada kaset ɗin ke nan, na koma Gaya da tsoro. Wallahi tsoro na gaske, don in zaren nan ya tsinke ko ya goge a hannuna, babu wani a duniya. Abin da na haɗa don in ɓata waƙa, yanzu sai na koyi tafiyar da shi daidai. Na riƙa sa kaset ina murza murfin a hankali, ina ƙoƙarin kada murya ta yi sama ko ta yi ƙasa. Ashe ya fi murza gaba da baya wuya nesa ba kusa ba. Hannu ba ya son tafiya ɗaya, yana gajiya, yana gaggawa, numfashi ma yana motsa shi. Na goge hed da auduga da sifirit, na sake robobin, na ɗiga man keke a cibiyar. Mai gyaran rediyo ya ga na daina ƙiƙi-ƙiƙi, ya ce Alhamdu lillahi, an samu sauƙi.

Da hannuna ya saba na koma Toranke da injin. Da hantsi muka yi, yara sun tafi makaranta. Na kafa injin a kan tabarma a ƙarƙashin rumfa, na haɗa amfilifaya da batirin mota, sifika ɗaya kawai na kawo. Inna ta fito da ƙunshin ta ajiye kusa da Baffa, Baffa ya miƙo mini. Ta koma gefe ta jawo ƙwaryar gyaɗa ta fara ɓara, rabin bayanta a wajenmu. Kaset ɗin fari ne da ya koma ruwan ƙasa, babu rubutu a jikinsa. Na kunna abin ɗaukar murya na wayata na jingine ta da sifikar. Na yi bisimilla na murza.

Da farko huci ne kawai. Sai aka yi sallama. Baffa ya amsa, da ƙarfi, kafin ya tuna.

Ban san muryar ba, don haka ban san gudun da zan ba ta ba. Na yi sauri ta zama ta mace, na rage ta zama kamar ta sa a cikin rijiya. Baffa ya ce in ƙara, na ƙara. Ya ce in ƙara kaɗan, na ƙara kaɗan. Sai Inna, ba tare da ta juyo ba, ta ce wa gyaɗarta an yi yawa. Na rage. Na sake ragewa kaɗan. Hannunta ya tsaya a cikin ƙwarya, ni kuma na riƙe wannan gudun kamar raina.

Murya ce siririya, tana da ɗan kaushi, mai ita yana jan ƙarshen magana. Ba haka na ƙera ta a kaina ba. Na ɗauka babbar murya ce. Saurayi ne kawai, da alama ma yana jin kunyar rikodar.

Baffa bai yi ƙarya ba, gaisuwa ce. Ya gaida mahaifiyarsa, ya daɗe a kanta. Ya gaida baffanninsa ɗaya bayan ɗaya, da matansu, da liman, da mai unguwa. Ya gaida Baffa ya ce kada ya yi wasa da noman gonar fadama. Ya gaida maƙwabta na gabas da na yamma, har da wani da Baffa ya ce ba sa ga maciji. Ya ce a gaida mutanen ɗaki, Inna ke nan, a taƙaice kamar yana tsallake kwata. Ya tambayi jan sa, ko ya daina tsalle shinge. Ya tambayi jaki, ko ƙafarsa ta warke, ya ce a riƙa gasa masa ita da ruwan ɗumi.

Jaki fa. Ina murzawa ina jin zuciyata tana tafasa. Na san al'adar, na san uba ba ya ambaton ɗan fari a gaban manya, balle a kaset da za a kunna a tsakar gida kowa yana ji. Sanin bai hana ni jin haushi ba. Mutum ya tuna da ƙafar jaki, ni ina kwance a zanin goyo ko tari bai yi mini ba. Na so in saki murfin, amma in na saki muryar za ta mutu, sai na ci gaba.

Can sai na ji tauri a yatsuna, murfin ya fara ɗan karkarwa. Mun iso wurin da rikodu suka tauna. Na rage hannu, na lallaɓa. A sifika na ji ya gyara murya, ya ce, "To, sannan kuma..." Daga nan maganar ta nutse. Ana jin mutum yana magana amma kamar daga bayan katanga biyu. Bayan ɗan lokaci ta dawo tangaran, yana godiya ga direban da zai kawo saƙon.

Na tsaya. Na mayar da murfin baya na sake bi. Na ƙure ƙarar amfilifaya, na danna kaset ɗin a kan hed da ɗan yatsa, na bi a hankali, na bi da sauri, na koma, na dawo. Ƙarar da ta tsayar da rawa a Gafasa ita ce ta cika tsakar gidanmu, babu wanda ya aiko da biro. Abin da na iya tsinta bai wuce "in ya fara" ba. Da na duba hed sai na ga garin zaren ya taru a kansa, ja-ja kamar ƙasa.

Na ce wa Baffa abin da ban gane ba shi ne, cin rikoda yamutsa zare yake yi, amma nan wurin a goge yake sumul, tun kafin inda aka tauna. Baffa ya sosa gemu. Ya ce ai ba cin ne ya fara ɓata wurin ba, maimaici ne. Wurin ya sha mayarwa baya har ya yi laushi, shi ya sa ma rikoda ta samu abin kamawa. Na ce wa ya riƙa mayarwa? Ya ce shi dai a shekarun farko ya san yana sayen batir duk ranar kasuwa, kuma shi ba ya jin komai a rikodar sai labaran safe. Bai taɓa tambaya ba.

Inna tana ta ɓarar gyaɗa. Na sake ɗora hannu a murfin.

"Ya isa haka, za ka tsinka shi."

Da ni take, kai tsaye, babu Baffa a tsakani. Na cire hannuna. Ta ɓare gyaɗa ɗaya, ta jefa ɓawon gefe, tana kallon katanga.

"Cewa ya yi, wancan kuma in ya fara rarrafe, a rufe rijiya."

Shi ke nan abin da ya faɗa. Rijiyar gidanmu tana da murfi, wata tsohuwar ƙofar ƙarfe mai nauyin tsiya, wadda tun ina yaro nake zagi a duk lokacin da aka aike ni ɗebo ruwa. Duk layinmu babu mai rufe rijiya sai mu. Na sha tambayar dalili ana ce mini haka aka ga dama. Ina zaune a kan tabarmar ina hango ta daga inda nake, da tsatsarta da dutsen da ake dannewa da shi. Kuka ya zo mini, na yi shi, ban ɓoye ba. Baffa ya tashi ya ce bari ya duba awaki, alhali awakin suna gabansa.

Da na natsu na ƙarasa kaset ɗin, saura kaɗan ne. Ya yi addu'a, ya ce sai ya zo da damina, ya yi sallama, aka ji ƙarar danna maɓalli. Na zare shi na miƙa wa Inna a hannunta, ta ƙunshe shi a tsummansa. Ba a sake kunna shi ba, ba kuma za a sake ba, don wurin nan yanzu in ka ɗaga zaren a rana kana hango haske ta cikinsa.

Injin taliya bai sake zuwa biki ba. Abin da na ɗauka a waya kuwa na bi shi da kwafi daga wannan waya zuwa waccan har yau. Muryarsa tana tafiya da gudun hannuna, tana ɗan hawa tana ɗan sauka. Ta gaida jaki, ta gyara, ta nutse. Sai ƙiƙi-ƙiƙi mai tsawo, sai ni da Baffa muna maganar batir, sannan muryar Inna ta faɗi abin da ya faɗa, ana jin ƙarar ɓawon gyaɗa a bayanta. Wurin nan nake yawan mayarwa baya, waya kuwa ba ta gogewa.